Makullin gidan haya ya lalace, wa zai biya?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A taimaka a raba ni da wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina haya a nan Kano wajen Rijiyar Zaki, ciki biyu da falo, shekarata ta biyu ke nan a gidan. Daren Talata muka dawo daga dubiya ni da iyali wajen sha ɗaya saura, na zira makulli a ƙofar falo, ya juya sau ɗaya ya cije. Na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas! Daga nan makulli sai juyawa yake kamar cokali a kofin shayi, ƙofa kuwa ko gezau. Na kira dillalin da ya ba ni gidan har sau huɗu bai ɗaga ba. Lambar mai gidan ba ni da ita, don tun shigata komai ta hannun dillali muke yi. Ƙarshe maman yara da yaran suka kwana a maƙwabta, ni na kwana a mota, sauro ya yi walima da ni.

Da gari ya waye na ɗauko wani mai walda a bakin titi, ya sa guduma da kurfi ya fasa, ya ce wannan sai sabo. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo makulli gaba ɗayansa naira dubu 26, na sallami mai aiki da dubu 6. Dubu 32 ke nan a tsakiyar wata. Jiya na samu lambar mai gidan na yi masa bayani, abin da ya ce min shi ne lafiya lau ya ba ni gida, lafiya lau zan mayar masa. To kuɗin hayata zai ƙare ƙarshen wata mai kamawa, niyyata in zare dubu 32 ɗin in ba shi sauran. Ina da gaskiya ko ba ni da ita?

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam. Zare abinka malam. Gidan naka ne? In za ka tashi da ƙofar za ka tafi?

Hajiya Mai Gidaje: Ka ji irin maganar ko. Shi ya sa wasunmu suka gwammace su kulle gida ɓeraye su yi haya a ciki. Abban Sadik, ni uwa ce a gare ka, gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Shekara biyu kana buɗe ƙofar nan safe da yamma, kai da matarka da 'ya'yanka da baƙinku. Mai gidan sau nawa ya taɓa ta? Abin da hannunka yake murzawa kullum in ya gaji kai za ka gyara. Rufi ya yi yoyo namu ne, katanga ta tsage namu ne, masai ya cika a yi magana. Amma makulli? Gobe kuma sai ku ce mu saya muku ƙwan lantarki da tsintsiya.

Ɗan Agege: Hajiya ai tun da na ga sunanki na san inda hukunci zai faɗa.

Hajiya Mai Gidaje: Kai ma daga sunanka na san haya kake yi.

Mai Yankan Makulli: Ku dakata kafin a raba gado, a fara duba gawar tukuna. Wannan sana'ata ce, shekaruna a kanta sun fi ashirin. Abban Sadik tambaya uku zan yi maka. Ƙofar katako ce ko ta ƙarfe irin ta Chana? Kafin ranar, makullin yana juyawa sumul ko sai an yi kokawa? Sannan ka faɗa min tsakaninka da Allah, in za ka kulle ba sai ka ɗan ɗaga ƙofar da gwiwa ko ka ja hannunta sama ba?

Abban Sadik: Ikon Allah! Wallahi kamar a gidan kake kwana. Ta ƙarfe ce. Sai na sa ƙafa a ƙasanta na ɗan ɗaga sannan take kulluwa. Maman Sadik ma ba ta iyawa, in na fita da sakata take rufewa ta ciki. Haka na same ta tun ranar da na tare, sai dai bana abin ya ƙaru.

Mai Yankan Makulli: To shi ke nan, ba makulli ne ya fara ciwo ba, ƙofa ce. Bari in fayyace don masu karatu su amfana. Irin wannan makulli kashi uku ne. Akwai hannu, akwai uwar da ke ɓoye a cikin cikin ƙofa wadda harsunanta ke fitowa su shiga ramin jikin firam, sai kuma silinda, wato ɗan guntun ƙarfen da kake zira makulli a ciki. A tsakiyar silindar akwai wani ɗan haƙori, shi yake tura harsunan in ka murɗa. Idan ƙofa ta sauka saboda hinjinta ya saki ko tun farko an kafa ta a karkace, harshe ba ya fuskantar raminsa daidai, sai ya riƙa gogar ƙarfe. Duk ƙarfin da ka sa, a kan ɗan haƙorin nan yake ƙarewa. Yau da gobe sai ya karye. Wannan ƙas ɗin da ka ji shi ne, shi ya sa makulli ya koma juyawa a banza.

Inda aka cuce ka kuma shi ne wajen buɗewa. Wanda ya san aiki silindar kawai zai karya ko ya huda ta da injin huji, ya ja harsunan baya, ya kwance dogon sukuru guda ɗaya da ke riƙe da ita ta gefen ƙofa, ya zura sabuwa. Minti ashirin an gama, kuɗinta kuma bai kai rabin abin da ka kashe ba. Kai kuwa ka kira mai walda, shi kuma abin da ya iya ya yi maka. Ba zagin masu walda nake ba, amma wanzami daban, maƙeri daban. Kuma ka sani, in ba a gyara hinjin nan ba, sabon ma kwanansa ƙidayayye ne.

Maman Ilham: Kai, Allah ya saka da alheri Baba. Mu ma haka tamu take, ni ina zuba mata man gyaɗa in ta cije.

Mai Yankan Makulli: Hajiya ki daina don Allah, ba tuwo ba ne. Man gyaɗa da baƙin mai suna kama ƙura, hunturu ɗaya sai cikin ya zama kamar ƙullun ƙosai. Ki kankare bakin fensir ki shafa a jikin makullin ki zira ki zare sau da yawa, ya wadatar.

Hajiya Mai Gidaje: To kun ji da kunnenku. Shi ya ɗauko wanda ya farfasa wa mutum ƙofa ba da izininsa ba, sannan ya ce a biya shi.

Ɗan Agege: A'a Hajiya, rabin karatun kika ɗauka. Cewa aka yi ƙofar a karkace take tun ranar da ya shiga. Wa ya kafa ta?

Dillali Na Gaskiya: Ni dai a matsayina na wanda yake tsakiya, abin da muke yi a aikace shi ne, duk takardar da nake rubutawa ina sa layi cewa duk gyaran da ya taso a cikin gida bayan an karɓi makulli yana wuyan ɗan haya. Ka sa hannu, magana ta ƙare. Abban Sadik ka duba takardarka, ƙila amsar tana ciki kana ta wahalar da mutane.

Abban Sadik: Wace takarda? Rasit ne guda ɗaya irin na kanti, an rubuta kuɗin haya da la'ada da kwanan wata. Ko sunan mai gidan babu.

Ɗan Agege: Kun ga aikin 'yan uwanka ko, Na Gaskiya? La'ada a karɓa cif, waya kuma a ƙi ɗagawa.

Dillali Na Gaskiya: Ƙarfe sha ɗayan dare fa aka kira shi. Dillali ba ɗan kwana-kwana ba ne.

Almajirin Malam: Assalamu alaikum. Na ga ana ta jan zance, bari in kawo abin da na karanta a gaban malamai, wanda ya fi ni sani ya gyara min. Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, malaman fiƙihu sun yi maganarta a babin haya, har da shi kansa makullin.

Asali dai ɗan haya amintacce ne. Gida amana ce a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Abin da ya tsufa ko ya gaji ta hanyar amfani irin na yau da kullum ba a bin sa, domin ai amfanin ya saya da kuɗinsa. Wannan ya amsa maganar Hajiya cewa hannunsa ne yake murzawa. Murzawar ita ya biya wa kuɗi.

Malaman Shafi'iyya sun bambanta abu biyu. Makullin da aka kafa a jikin ƙofa ɓangare ne na gida, wajibi ne mai gida ya miƙa mabuɗinsa ga ɗan haya, in ya ɓace kuma sauya shi yana kan mai gida, sai dai in da sakacin ɗan haya ya ɓace to zai biya ƙimarsa. Amma kwaɗo, wanda ake ratayawa a cire, wannan ba ya cikin abin da mai gida zai bayar, ɗan haya ya sayi abinsa ya tafi da abinsa. Na Abban Sadik kafaffe ne, saboda haka na gida ne.

To amma kada ya yi saurin murna, domin mu nan Malikiyya muke bi, kuma abin da ke cikin littafin Muhtasar na Shehu Halil shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Abin da ɗan haya yake da shi, idan lalacewar tana cutar da zamansa, shi ne zaɓi: ya fasa hayar ya tashi, ko ya zauna a haka. Idan kuma ya zaro kuɗinsa ya gyara ba tare da izinin mai gida ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi don raɗin kansa. Ba zai zare daga kuɗin haya da ƙarfi ba. In zai tashi yana iya cire abin da ya sa, ko mai gida ya biya shi ƙimar abin a matsayin cirarre, ba kuɗin da ya saya sabo ba.

Hajiya Mai Gidaje: Allah ya gafarta Malam, wannan ta ƙarshen a maimaita ta da babbar murya.

Almajirin Malam: Hajiya akwai saura, kuma ta Malam Dillali ce. Wannan layi da kake sawa cewa duk gyaran da ya taso yana kan ɗan haya daga aljihunsa, ka kai shi gaban malami ya duba maka. A mazhabarmu an yarda a sharɗanta wa ɗan haya ya yi gyara daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa, wato ya gyara a cire. Amma a ce duk abin da ya taso ya biya daga nasa ban da kuɗin haya, to kuɗin hayar ya zama ba a san adadinsa ba ke nan, yau makulli, gobe rufi ya yaye. Wannan shi ne garari da ake gudu a ciniki. Hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu gaskiya ne, amma sai sharaɗin da bai saɓa ba.

Dillali Na Gaskiya: Malam ai kowa haka yake rubutawa a garin nan.

Almajirin Malam: Al'ada tana da ƙarfi a inda ba a yi sharaɗi ba, shi ya sa ba wanda zai kai mai gida ƙara a kan ƙwan lantarki ko kan famfo da ya saki. Ƙananan abubuwa da kowa ya san girmansu ba matsala. Kalmar "duk" ɗin nan ce abin dubawa.

Maman Ilham: Ni tambayata daban ce. Ƙarfe sha ɗaya na dare, mace da yara a tsaye a waje, an kira ba a ɗaga ba. Izinin wa zai jira? Da sai su yi sati a maƙwabta har Alhaji ya ga dama? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Almajirin Malam: Tambaya mai kyau, kuma nan ne alƙali zai duba lalura, ba ni ba. Amma ki lura, buɗe ƙofa lalura ce. Zuwa Ƙofar Ruwa a zaɓo na dubu 26 bayan rana ta fito, ana iya jinkirta shi awa biyu a rufe da kwaɗo a nemi mai gida.

Abban Sadik: Wannan kam na yarda, zuciya ce ta ɗebe ni. Ban yi barci ba, ga wurin aiki ana ta kirana.

Anti Barista: Na jima ina karantawa. Malam ya yi bayanin ɓangarensa, bari in taɓa na kotu. Abu na farko da alƙali zai tambaya shi ne yarjejeniya, kuma babu, sai rasit. In babu takarda sai a koma ga ƙa'idar da aka saba: ɗan haya ya riƙe cikin gida da kyau ya mayar yadda ya karɓa, ban da tsufa da gajiyar da amfani na hankali yake jawowa. Mai gida kuma gini da waje da wuraren da ake tarayya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ma kusan haka ta tsara, har ta ce kada ɗan haya ya yi sauyi a gida sai da rubutaccen izini. Na kawo ta misali ne kawai, ba ta aiki a Kano, kowace jiha da tata dokar.

Shawarata gare ka ƙanina, kada ka zare ko sisi da kanka. Ranar da ka kai kuɗi ba cikakke ba, ka sauya sunan rigimar. Yanzu kai ne kake bin sa dubu 32, ranar kuwa shi zai ce yana bin ka kuɗin haya, kuma bashin haya shi ne igiyar da ta fi sauƙin ja a fitar da mutum daga gida. A kan makulli ka rasa matsuguni, ka koma neman wani gidan a farashin bana da sabuwar la'ada, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko dai ya yarda a rubuce a cire, ko ka biya cif ka bi kuɗinka daban.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan maganarka. Ka ce tun da ka shiga ƙofar take haka. Ka taɓa faɗa wa wani? Don in shekara biyu kana ɗaga ƙofa da ƙafa ba ka ce uffan ba, lauyan mai gida cewa zai yi ka ga ɓarna tana tafe ka zuba ido, wannan kuma shi ne sakacin da Malam ya ambata.

Abban Sadik: Anti bari in duba waya, kamar na taɓa yi wa dillalin magana.

Ɗan Agege: Kafin ya dawo bari in ba ku nawa. A nan Legas wani mai gida da na zauna a gidansa, kwana tara kacal na yi jinkirin biya, na dawo daga kasuwa na tarar ya ɗana wa ɗakina ƙaton kwaɗo a kan nawa. Kayana a ciki, har maganin hawan jinin tsohuwata. Sai da shugabannin unguwa suka sa baki.

Anti Barista: Wannan laifi ne kai tsaye. Ko bashin shekara ake bin ka, mai gida ba shi da ikon kulle maka ƙofa ko cire rufi ko yanke ruwa don ya kore ka, sai ya bi ta kotu. A dokar Legas ɗin nan hukuncinsa yana kaiwa tarar naira dubu 250 ko ɗaurin wata shida. Mai biyan shekara-shekara kuma, in ba a yi wani sharaɗi daban ba, notis ɗin wata shida ake ba shi a Legas da Abuja, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a je gaban alƙali.

Hajiya Mai Gidaje: Ni ban taɓa kulle wa kowa ƙofa ba, Allah ya kiyaye. Amma ku ma ku ji namu. Akwai wanda ya tashi daga gidana bara, ya tafi da makullai duka, ɗaki huɗu har da na kicin. Da na kira shi ya ce yara sun zubar. Sai da na sauya guda biyar kafin sabon ɗan haya ya shiga. Wani kuma hannun ƙofa yaransa suka mayar lilo har ya tsinke, ya zo yana ce min kayan Chana ne. Wannan fa, Malam?

Almajirin Malam: Wannan su za su biya Hajiya, babu ja. Ɓatar da makulli da lilo a hannun ƙofa ba amfani ba ne na al'ada.

Hajiya Mai Gidaje: Yauwa. Shi ya sa yanzu nake karɓar kuɗin ko-ta-kwana kafin mutum ya shiga, in ya fita lafiya in mayar masa.

Ɗan Agege: Kina mayarwa kuwa? Don ni tun da nake ban taɓa ganin wanda aka mayar wa ba.

Hajiya Mai Gidaje: Zo ka kama haya a wurina ka gani.

Shugaban Zaure: Jama'a a riƙa sassautawa, Hajiya babba ce. A tsaya a kan maganar makulli.

Abban Sadik: Alhamdu lillahi na samo! Saƙon murya ne na tura wa dillalin wata uku da tarewata, ina ce masa ƙofar falo sai an ɗaga take kulluwa, a turo a duba. Ya amsa da "ba damuwa, zan gaya wa Alhaji". Akwai wani kuma da azumin bana, shi ko amsawa bai yi ba, amma alama ta nuna ya saurara.

Anti Barista: To yanzu ka zo da magana. Ka adana su a wuri biyu, kada waya ta faɗa ruwa. Dillalin wakilin mai gida ne a wannan hayar, ta hannunsa ake karɓar kuɗi, saboda haka sanar da shi hujja ce mai ƙarfi cewa ka sanar. Tsohon makullin yana ina?

Abban Sadik: Yana bayan gida a cikin buhu, saura kaɗan in ba 'yan gwangwan.

Mai Yankan Makulli: Kada ka kuskura! Ka ɗauki hoton harsunan, za ka ga gefe ɗaya ya cinye yana ƙyalli kamar an goga shi da magagari. Ka ɗauki hoton ramin jikin firam ma, ƙasansa zai nuna inda yake gogawa. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, duk wanda ya gani ya san an daɗe ana yi.

Dillali Na Gaskiya: Gaskiya in haka ne abokin sana'ata bai kyauta ba. Wasu suna tsoron kai wa mai gida maganar gyara ne kada ya ce sun cika kawo matsala ya karɓe gidajensa ya ba wani. Amma Abban Sadik kada ka je wa Alhajin da faɗa ko da maganar kotu. Ka ɗauki dattijo ɗaya, liman ko mai unguwa, ka je har gida ka gaishe shi. Masu gida da yawa ba kuɗin ne yake damunsu ba, a ce an yi abu a gidansu ba su sani ba shi ne.

Hajiya Mai Gidaje: Wannan gaskiya ne. Ni da za a kira ni a ce Hajiya ga abin da ya faru, wallahi da kaina zan turo mai gyara, don na san wanda nake kira ba zai illata min ƙofa ba. Amma a yi gaban kai sannan a turo min lissafi kamar wata 'yar aiki, ko naira ɗari ce sai mun yi shari'a. Amma tun da ya yi magana tun farko aka share shi, na sauko. Alhajin ya biya silinda da gyaran hinji. Uwar makullin da mai walda ya ragargaza kuwa, wanda ya kira shi ya ji da ita.

Ɗan Agege: A rubuta ranar nan, Hajiya ta ba ɗan haya rabin gaskiya.

Abban Sadik: Jama'a ga yadda aka ƙare. Jiya bayan la'asar muka je da limamin masallacinmu, na tafi da buhun tsohon makullin. Alhajin dattijo ne, ya haura saba'in, ashe ma bai taɓa jin maganar ƙofar ba sai ranar da na kira shi. Da na kunna masa saƙon muryar shiru ya yi, sannan ya kira dillalin a gabanmu ya sa a amsa-kuwwa. Abin da ya faɗa masa ba zan maimaita a nan ba. Ya juya harsunan a hannunsa ya ga inda suka cinye, ya ce ƙofofin gidan duka mutum ɗaya ne ya kafa su, kuma na ɗaya ɓangaren ma sun yi ƙorafi. Ya ce in cire dubu 18 daga kuɗin haya, sauran dubu 14 ladan gaggawata ne, ya faɗa yana dariya. Liman ya rubuta a bayan rasit ɗina, Alhaji ya sa hannu. Gobe zai turo a ɗaga hinjin. Ya kuma ba ni lambarsa ta biyu ya ce ko ƙarfe biyun dare ne in kira.

Sai dai da za mu fito ya ce makullai nawa sabon ya zo da su, na ce huɗu, ya ce in kawo masa ɗaya ya ajiye. Na ce to, amma raina bai kwanta ba.

Maman Ilham: Kada ka bayar! Gidan da muka bari, sai da muka yi wata biyar sannan muka gane tsohon ɗan hayan da ƙanin mai gidan duk suna da makullin falonmu. Ran nan ina kwance da rana daga ni sai ɗaurin ƙirji na ji ana murɗa ƙofa, wai an zo duba mita. Tun daga ranar duk gidan da muka shiga, kafin a sauke katifa an sauya silinda. Tsohuwar in naɗe ta a leda in ajiye, ranar tashi a mayar musu da abarsu.

Hajiya Mai Gidaje: In gobara ta tashi kuna ƙauye fa? Ko famfo ya fashe ruwa yana bin bango? Ni duk gidajena ina da makulli, a cikin akwati suke, ban taɓa buɗe ɗakin kowa ba.

Anti Barista: Riƙe makulli daban, shiga daban. Muddin hayarsa tana tafiya, ko mai gida sai ya yi sallama an ba shi izini, in duba gida zai yi ya sanar tukuna ya zo da rana. In babu sharaɗin ajiye makulli a tsakaninku, ba dole ba ne ka bayar. In kuma kunyar dattijon kake ji, ka sa shi a ambulan ka manne, ka sa hannu a kan mannin, ka ce amanar gaggawa ce.

Mai Yankan Makulli: Ko ka ba shi na ƙofar falon, ka sa wa ɗakin kwana taka silindar daban. Amma dai a fara ɗaga hinjin nan, kuma wannan karon ka tsaya a kansu. Ka ce su rufe su kulle a gabanka da yatsa biyu, ba ƙafa ba gwiwa. In sai an ɗaga, aiki bai yi ba, kada ka bari su tafi.

Abban Sadik: An gama Baba. Ambulan ɗin zan yi. Maman Sadik ta ce a gaishe ku, wai ita dai burinta ta kulle ƙofar nan da hannunta ko sau ɗaya kafin mu tashi.